Yunwar da Na Sha Kafin Wuƙar Likita

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana mata, da ku dattawan da ke zaune can bakin ƙofa. Salamarsa ta zauna tare da ku. Na roƙa a bar ni in yi magana da Hausa yau, ko da yake masu jin ta a nan unguwar Barroquinha, a wannan ƙasa ta ƙetaren teku, ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Wanda bai ji ba, ga 'yata Rita nan, za ta juya masa daga baya. Maganar nan ba ta fita a bakina da yaren Turawa.

Benedita aka sa mini ranar baftisma. Uwata kuwa Laraba take kirana. Kun san ni, ni ce mai ƙosai a gindin gangaren da ke sauka kasuwa. Kun kuma san yadda nake a da. In na taho, masu ɗaukar mutane a kujera sai su kau da kai kamar ba su gan ni ba. Bencin majami'a da ke ɗaukar mata uku, ni da mutum ɗaya muke cika shi. Ana dariya, ni ma ina taya ku. Amma ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa nake ci haka.

Ina ƙaramar yarinya aka kama mu, ni da ƙanwata Kande. Ba zan ba ku labarin hanya ba, da yawanku kun bi ta. A cikin jirgin ruwan bayi abin da ake zuba mana a tafin hannu ko kaza ba zai ishe ta ba. Kande ba cuta ce ta kashe ta ba. Yunwa ce. Tana jingine da ni ta daina kuka, ta daina motsi, bakinta a buɗe. Aka zo aka janye ta ta ƙafa.

Daga nan aka sayar da ni wani gida a unguwar Vitória. Ni ke dafa musu nama da kifi da kayan zaƙi, uwargidan kuwa mabuɗin ɗakin abinci a ƙugunta yake kwana. Ƙanzon tukunya shi ne rabona. Da ta zo mutuwa ta 'yanta ni. Ranar da na fito daga gidan da Rita a bayana, na tsaya a kan titi na yi wa kaina alkawari: yunwa ba za ta ƙara ganin idona ba.

Na kuwa cika alkawarin. Na ci! Na ci wake, na ci busasshen nama, na ci miyar kuɓewa da manja har yana bin gwiwar hannuna. In na ƙoshi sai in ƙara, don in tabbata. Ba daɗi nake nema ba, 'yan'uwa. In cikina ya yi nauyi ne kawai nake jin ba wanda zai zo ya ja ni ta ƙafa.

Shekaru suka tafi, tumbina ya zubo har cinya. Sai cibiyata ta fara kumbura. Da farko kamar ƙwai, daga baya ta kai kwakwa. Ƙaba ce, hanji ne ke leƙowa ta wurin. In na kwanta na danna sai ya koma da ƙugi, in na tashi ya dawo. Ina ɗaure shi da zane ina zuwa kasuwa. Wata rana Rita ta shigo ina wanka ta gani. Ta dafe kai.

"Inna! Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne."

"Ba komai? Gobe za mu asibitin sadaka, ko da jan ki zan yi."

Likitan Bature ne, dogo, rigarsa duk tabon jini. Ya danna nan ya danna can, ya sa kunne a ƙirjina. Sannan ya zauna ya dube ni.

"Tiya Benedita," ya ce, wato goggo a bakinsu, "hanjinki ya sami ƙofa. Wata rana zai fita ya ƙi komawa, ya ruɓe a waje. Wannan mutuwar ba na yi wa ko maƙiyina fatan ta."

"To Sinyo," na ce, wato yallaɓai, "ka yanka mana."

"Zan yanka. Zan cire kitsen nan da ya rataya, in ɗinke ƙofar. Amma ba a jikin nan ba. Zare ba zai riƙe ba, kuma maganin barcin da zan shaƙa miki zai tsayar da zuciyarki. Sai kin rage."

Ya lissafa abin da zan ci: romon kifi marar mai, dafaffen ganye, garin rogo cikin tafin hannu. Ba manja, ba zaƙi, ba soyayyen abu. Ya ɗauko igiya ya yi mata ƙulli, ya zagaya ta a cikina. Tsakanin bakin igiyar da ƙullin akwai fiye da taƙi biyu na hannunsa.

"Ranar da suka haɗu, ki dawo."

Garin rogo cikin tafin hannu! Da ya faɗi haka sai na ji warin cikin jirgi a hancina. Bai san abin da ya faɗa ba. Ina zai sani?

'Yan'uwa, na sha wuya. Sana'ata ƙosai ce, ba ni da wata. Tun safe ina gaban kasko, manja na tafasa, ƙamshi na shiga kaina, ina miƙa wa mutane suna ci a gabana. Idona na ganin duhu-duhu in na miƙe. Na riƙa cusa tsumma a baki ina taunawa don kada in lashi yatsuna. Na zama masifaffiya. Rita da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, na jefe ta da ludayi don kawai ta ce, "Inna, ya isa," lokacin da na kai hannu kwano karo na biyu. Ya same ta a goshi. Ta share jinin ta ci gaba da tuƙi.

Akwai ranar da ƙosai ɗaya ya faɗi cikin taɓo, kare ya nufo shi. Na riga shi. Ni, mace mai furfura, mai 'yanci, na durƙusa a titi na ƙwace abinci a bakin kare. Sai da na haɗiye na ga mata suna kallona.

Na yi addu'a a kwanakin nan, amma ta baki ce. Ina cewa, Ubangiji ka cire mini yunwa. Ba ta ciru ba. Na fara jin haushinsa a raina. Na ce, kai da ka bar Kande, yanzu ma ni za ka sake bi da ita?

Sai aka ɗauke ni aikin girkin biki a wani gida a unguwar Itapagipe. Rita ta ce kada in je, na ce zan iya. Da rana tsaka mutanen gidan duka suka fita kallon jerin gwanon majami'a, aka bar ni da tukwane. Kaza cikin manja, wake da nama, shinkafa, kayan zaƙi na kwakwa. Na ce bari in ɗanɗana gishiri.

Ban san sanda na zauna a ƙasa da tukunya tsakanin ƙafafuna ba. Da hannu biyu nake ci. Ina ci ina kuka, miya na ƙona ni ban fasa ba. Na gama wannan na jawo waccan.

Da na yunƙura zan tashi sai na ji kamar an soka mini mashi a cibiya. Ƙabar ta fito ta yi tauri kamar dutse. Na kwanta na danna, ta ƙi komawa. Amai ya zo, ya sake zuwa, har abin da ke fita ya daina kama da abinci. Na tuna maganar likita. Na ce, shi ke nan, yau ce. A kan daɓen ɗakin girkin wasu, cikin aman kaina.

Akwai wata tsohuwa da aka kira wanke-wanke a bayan gidan, ido ɗaya gare ta. Nishina ta ji ta shigo. Ina ta kiran "Wayyo Allah, wayyo Inna," sai na ji an ce da Hausa, "Ke 'yar ina ce?"

Iya Talatu ke nan. Bahaushiya ce, Musulma, ubangidanta ya sallame ta da ta tsufa don kada ya ciyar da ita, tana kwana a bakin ƙofofin mutane. Ta jawo buhun gari ta ɗora ƙafafuna a kai, kaina ya yi ƙasa. Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta ɗora a cibiyar, ta sa tafin hannunta a hankali.

"Saki jikinki, 'yata. Kina ɗaurewa ba zai koma ba."

"Iya, mutuwa zan yi."

"Wataƙila. Kira wanda kike kira, ni ma ina kiran Ubangijina. Amma ki saki cikin nan."

A nan ne na yi addu'ar gaskiya ta farko a rayuwata. Na ce, Yesu, ba mutuwa nake tsoro ba, ka sani. Yunwa nake tsoro. An gaya mana kai ma ka ji ta a jeji, ka san yadda take murɗa hanji. Na daina roƙon ka cire ta. Ka zo ka zauna da ni a cikinta, don ni kaɗai ba zan iya ba. Ni kaɗai na zauna da ita a jirgi, ba zan sake ba.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Kuka kawai na yi, irin wanda ban yi wa Kande ba tun ranar. Ina cikin kukan jikina ya saki, sai na ji ƙululu a ƙarƙashin hannun tsohuwar. Ya koma! Yabo ga Yesu, ya koma!

Masu bikin sun kore ni da zagi, kuma da gaskiyarsu. Na tafi gida da Iya Talatu, na shimfiɗa mata tabarma a ɗakinmu. Daga ranar, in an gama girki ita nake fara zuba wa, in zauna kusa da ita da ɗan romona. Haƙoranta sun zube, a hankali take ci. Ni ma na koyi ci a hankali.

Kada ku ɗauka yunwar ta tafi. Tana nan kullum. Wata rana da yamma na ture kwanon na ce, "Iya, wannan da bauta duk ɗaya ne."

Ta ce, "A'a. A gidan uwargijiyarki wa ke riƙe da mabuɗi?"

"Ita."

"Yanzu fa?"

Sai ta nuna lungun ɗaki.

"Ga gari can a buhu, ba wanda ya kulle. In kin ga dama ki tashi ki cinye. Ke ce kika ce a'a. Baiwa ba ta da a'a, Laraba."

In ta murɗe ni a gaban kasko sai in ce a raina, Yesu, ga ta nan ta zo, matso kusa. In sha ruwa, in jira. Wani lokaci ta lafa. Wani lokaci ba ta lafawa, sai dai in kai yamma ban faɗi ba. Na sake zamewa, ba sau ɗaya ba, amma ban ƙara zama da tukunya a ƙasa ba. Damina ta shiga ta fita. Fatar hannuwana ta saki tana lilo. Wata safiya Rita ta zagaya igiyar, bakinta ya taɓa ƙullin. Muka dubi juna, ba wadda ta yi murna. Mun san abin da ke gaba.

An kwantar da ni a kan tebur, samari masu koyon aikin likita sun kewaye ni suna leƙe. Aka ɗora mini tsumma mai wani zaƙin wari a hanci. Da na farka sai na ji kamar an zuba mini garwashi a ciki. Ciwon ya yi ruwa, ya yi wari, zazzaɓi ya kama ni har na daina gane Rita. Matar da ke gadon damana aka fitar da ita a lulluɓe. Wadda aka kawo a madadinta ita ma haka. Fada, limamin majami'a, ya zo ya shafa mini man masu mutuwa. Likitan da kansa ya gaya wa Rita ta shirya.

Amma ga ni tsaye.

Da na fara gane mutane na ce, "Ina Iya?" Rita ta ce tana gida tana gaishe ni. Kullum haka take faɗi. Sai ranar da aka sallame ni, muna hawa gangare a hankali, ta tsaya ta riƙe hannuna.

"Inna, Iya ta rasu tun kina cikin zazzaɓi. Tari ne. Na ji tsoron in gaya miki."

"Wa ya yi mata wanka?"

"Na nemo tsofaffi biyu masu sallarsu, sun yi mata abin da suka iya. A ramin talakawa aka sa ta."

Ban san ma inda kabarinta yake ba. Matar da ta riƙe cikina da hannunta, ban riƙe nata hannun ba. Wannan ciwon ya fi na wuƙa, kuma bai warke ba. Na kai shi gaban Yesu, ban sami amsa ba tukuna. Ina jira.

Yau ba na iya ɗaga tukunya. Tabon ya ratsa cikina daga wannan gefe zuwa wancan, in hadari ya haɗu yana ja. Har yanzu abincina kaɗan ne, har yanzu nakan tashi daga kwano raina na so. Amma ba ni kaɗai nake tashi ba, wannan na sani kamar yadda na san sunana.

Akwai wata a ɗakin nan, ba zan dube ta ba. Na lura da yadda take ɗaure zanenta sama, da yadda take kare ƙirjinta in yara sun rungume ta. 'Yar'uwa, na san wannan ɓoyon. Kada ki jira ya kayar da ke a gidan wasu. Ki gaya wa Yesu ainihin abin da kike tsoro, da sunansa, ba abin da ya dace a faɗa a majami'a ba. Yana iya ɗauka. Sannan ki zo ki same ni, mu tafi asibitin tare. Tafiyata a hankali ce yanzu, amma na san hanya.

Godiya ga Allah Uba, godiya ga Yesu da bai ji ƙyamata ba ranar da ni kaina na ji ƙyamar kaina. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da bai ɗauke muku nauyin ba. Amin.