Masu Nuna Hanya

Nusaiba: Alo, Abba? Salamu alaikum.

Amastan: Wa alaikumus salam. Nusaiba! Ina Yamai? Ina karatu?

Nusaiba: Alhamdu lillahi. Ina zafin Arlit? Ƙafar Inna fa?

Amastan: Da sauƙi. Alo? Rezon waya ba kyau, ɗaga murya.

Nusaiba: Ƙarar mota nake ji.

Amastan: Ghissa ne, direba, yana ɗaure jarkoki. Tafiya ta kama ni.

Nusaiba: Ina kuma?

Amastan: Masu neman zinariya ne, da manyan injuna. Ruwa suke so bayan Gougaram. Tun da kamfani ya rufe ramin yuraniyom na Akokan nake zaune ba aiki, kin sani.

Nusaiba: Abba, ba dai rijiyar Kaka ba? Wadda kuke rufewa da dutse, ku zuba yashi, ku share sawun raƙuma?

Amastan: Nuna musu kawai zan yi.

Nusaiba: Su Kawu Intala fa? Ita suke sha da rani!

Amastan: Masu zinariyar sun ce kaɗan za su ɗiba.

Nusaiba: Ka tuna sinimar kamfani? Masu doguwar sumar nan da soja ke kora?

Amastan: Apache! Kai, mun sha tafi in soja suka iso suna busa ƙaho.

Nusaiba: Tarihinsu muke karantawa. Sojan Amirka sun yi shekaru suna bin su cikin duwatsu, ba su kama su ba. Sai suka ɗauki wasu 'yan Apache aikin nuna hanya.

Amastan: Ai dole. Wanda ba ɗan wurin ba, ina zai ga ruwa? To, me aka yi musu?

Nusaiba: Wani har lambar yabo aka rataya masa. Da mayaƙan Apache na ƙarshe suka miƙa wuya a 1886, aka loda su jirgin ƙasa, sai Florida. Har masu nuna hanyar.

Amastan: Alo? Su ma?

Nusaiba: Su ma, Abba. Shekara ashirin da bakwai suna tsare. Wallahi da na karanta sai da na yi kuka.

Amastan: Ruwan nasu fa?

Nusaiba: Waɗanda aka nuna wa hanya suka gaje shi.

Amastan: Innalillahi. Mu kuma muna ta tafi... Ghissa! Kashe motar nan, kwance jarkokin!

Nusaiba: Me za ka ce wa mutanen?

Amastan: In ce tsufa ya zo, na manta hanya.

Nusaiba: Kai da ko ido rufe...

Amastan: Na ce na manta! Ke kuma in kin zo hutu, sai mu je in nuna mi...

Nusaiba: Alo? Abba? Kash, initen waya ya ƙare.