Rigar Mai Gyangyaɗi

A shagon buga riguna, wata budurwa tana ninke kayan sana'arta na farko: riguna masu hoton barkwancin nan da ya zaga wayoyi, na mutumin da ya yi gyangyaɗi baki buɗe a taron koyar da himma. Wani mai kwat ya leƙo ta bayanta.

"Ƙanwata, wannan ai fuskata ce!"

Ta dubi rigar, ta dube shi. "Yallaɓai, da bakinka a rufe ban gane ka ba."

"Ba barci nake ba, nazari nake! Ni ne fa babban baƙo a taron. Ki ƙona su, ko mu haɗu a kotu."

"Keken ɗinkina na sayar na buga su. Ko ɗaya ba zan ƙona ba."

"Wa zai sa wannan shirmen?"

"Wata baiwar Allah ta ce a ajiye mata, ita da yaranta. Wai shekara da shekaru tana gaya wa maigidanta haka yake barci, yana musu."

Ya gyara wuyan kwat. "Doguwa, mai tabarau?"

"Ita ce. Ka tafi mata da su, ko in aika?"