Yatsan da Ba Ya Ciwo

A ɗakin jiran likitan masu ciwon sukari a Bauchi, Malam Ashiru tela ya gaji da zama, ya miƙe zai tafi. Wata mata da ke gefensa, Juliana, ta dubi ƙafarsa.

"Baba, ai ba a kira ka ba tukuna."

"Ɗinki na jira na a Muda Lawal, 'yata. Ɗan gyambo ne a yatsa, yarana suka matsa sai na zo."

"Yatsan ya yi baƙi fa."

"Amma ba ya ciwo. Sanyi kawai ƙafar take yi."

"Haka maigidana ya ce bara. Likita ya ce jini ne ba ya sauka."

"To, ya samu sauƙi?"

"Yana ciki. Ta hagu sun yanke daga gwiwa, yau ta dama suke dubawa."

Malam Ashiru ya koma ya zauna a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙafar kafin ya yi magana.

"Da ita nake taka keken da ke ciyar da mutum tara. Wata biyu ke nan ba na jin fedar a ƙarƙashinta, kuma ban faɗa wa kowa ba."