Ƙafafun Mai Koko

Ina yawo a tashar Nima, sai na ji wata tsohuwa mai jiran mota tana magana da mai sayar da koko.

"'Yata, jijiyoyin ƙafarki sun tashi kamar igiya. Kina shan ruwa kuwa?"

"Sai na koma gida, Iya."

"Wuni a tsaye, ga rana, ba ruwa? Jini ya yi nauyi, ta yaya zai hau sama?"

"In na sha, sai layin bayan gida. Wa zai tsare mini tukunya?"

"Ni mana. Motar Kumasi ba ta cika ba. Sha."

Ta shanye moɗa biyu, tana dariya.

"Amma kin iya awo, Iya?"

Tsohuwa ta ɗan ɗage zane, ta nuna nata ƙafafun.

"A bakin tukunya na samo waɗannan. Miƙo ludayin."