Aikin da Ba Ni da Wanda Zan Kira Gayya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Habibu, daga wani ƙauye kusa da Gezawa.

Ina koyon haɗa manhaja ta intanet. Malaminmu ya ce kowa ya saka manhajar kwantena a kwamfutarsa, wadda ke ware wa kowane aiki akwatinsa. Mu kuwa ba ma samun sabis sai a gindin ɗorawar gonar Baba. Can nake zama in mun tashi daga noma, har na sauke manhajar. Da na buɗe sai ta ƙi tashi, wai akwai abin da ke kashe a cikin kwamfutar. Na yi kwanaki ina lalube. Auwalu, abokina da muka fara tare, ya koma birni, ba ya ɗaga waya.

Ranar da na gano wurin na kunna, sai ga saƙon gaisuwa ya fito, alamar ta yi. Wallahi ihu na yi. Na waiwaya, ba kowa sai dawa. A gida na gaya wa Inna, ta ce, "To madalla. Ka ci abinci?"

Malam, a nan in noma ya fi ƙarfin mutum gayya yake kira. Wannan aikin wa zan kira? In akwai mai irin wannan koyo a Gezawa ko Zakirai, don Allah ya neme ni ta shirinka. Ko bai fi ni iyawa ba, mu zauna tare kawai.

Ina gaida Auwalu, in yana ji. Manhajar ta yi aiki, Auwalu.