Yayana ya sa na goge Hausa daga wasiƙata

Assalamu alaikum ustaz mai gabatarwa. Ni ce Hawwa daga unguwar Hajj Yusuf a Sudan.

Wani asibiti a Omdurman ya nemi mai karɓar marasa lafiya. A wasiƙar neman aikin na rubuta cewa ina jin Larabci da Hausa. Yayana ya karanta ya ce, "Goge Hausar nan, kada su raina ki." Na goge.

Shiru ba su kira ni ba. Da na bi sawu, ma'aikaciyar ta ce, "Mai jin Hausa muka nema saboda tsofaffi, kuma mun riga mun ɗauka."

Na gaya wa yayana, ya ce wai ba rabona ba ne. Masu sauraro, gida ɗaya muke, na kasa ko kallonsa. Yaya zan yi?