Uban Ƙasar da Bai Iya Zaɓen Dabba Ba

Mai girma wakilin Bishop, mai girma alƙalin yanki, Uwargida Idonea, Sir Piers magajin gida, jarumai maƙwabta, da ku manoman Allerby da kuka cika bakin ƙofa, sannunku da zuwa, sannunmu da rashi. Yau wata guda da muka binne uban ƙasarmu, Sir Gervase, a cikin wannan coci. Uwargida ce ta ce ni limaminku in yi magana, wai don na fi kowa daɗewa ina gardama da shi.

Ya kasance mayaƙi. Ya haye teku zuwa Faransa yana saurayi, ya dawo da ɗingishi, kuma ba mu taɓa jin ya yi mana taƙama da yaƙin ba. Da manyan ƙasar nan suka tashi yanka juna a kan gadon sarauta, ya je inda rantsuwarsa ta kai shi, amma bai ɗebi manomi ko ɗaya daga gona ya kai wa takobi ba. Ya kasance mai zaman shari'a, mai saurin fushi. Ba zan ɓoye wannan ba, akwai wanda ya taɓa shan jifa da kofin giya yana nan zaune. Shi ya gyara gadar kogi, shi ya rufe mana wannan coci da dalma.

Ya kasance kuma, a faɗin ƙasar Ingila, mutumin da bai iya zaɓen dabba ba.

Kun san al'ada. Idan manomi ya mutu, uban ƙasa ya ɗauki dabbar da ta fi kyau a gidansa, coci kuma ta ɗauki mai bi mata. Wasu kan tura wakili. Shi da ƙafarsa yake zuwa. Ina nan ranar farko da ya je zaɓe, a gidan wata da mijinta ya rasu ana gab da huɗa. Hamon wakilin gida ya nuna masa garke.

"Ranka ya daɗe, ga sa can, ƙato."

"Wannan? Dubi idonsa, Hamon, mugu ne. Waccan tunkiyar ta fi kyau."

"Ranka ya daɗe, ai ko haƙori ɗaya ba ta da shi."

"Ni ma nawa sun kusa ƙarewa. Ka ji wani ya ce ka fi ni?"

Sai ya juyo gare ni. "To Fada, na ɗauki mafi kyau. Ɗauki mai bi mata." Me zan ɗauka wanda bai kai tsohuwar tunkiya ba? Na koma gida da kaza mai ido ɗaya a hammata.

Haka muka yi ta yi har ya tsufa. Tsakar gidana ta cika da guragun agwagi. Na same shi da ɓacin rai, na ce, "Sir Gervase, liman ma yana cin abinci." Ya ce, "Zo gidana ka ci, gobe akwai naman barewa." Na ce to ya soke al'adar kowa ya huta. Ya ce, "Haƙƙin gida ne, Fada, na ɗana ne da jikokina, ba ni da ikon yafe shi. Amma ido nawa ne." Babu matar da ta rasa miji a Allerby ta kuma rasa abin huɗa a zamaninsa. Mun yi dariyarsa a bayan idonsa, kuma mun so shi. Ni dai ina kewarsa ƙwarai.

Uwargida, ki yi haƙuri. Kin riƙe gidan nan duk shekarun da yake fagen fama, mun gani, ba mu manta ba.

Sir Piers, ni na yi maka baftisma, don haka zan faɗa maka a gaban jama'a. Makon jiya Hodge manomi ya rasu. Ga matarsa Emmot can a baya da yara ƙanana. Abin da ya bar mata sa ɗaya ne, da saniya mai nono, da tsohuwar dinya, irin babbar agwagwar nan. Gobe ne ranar zaɓe, kuma ba ta huɗe gonar alkama ba. Idan ka ɗauki san, babu mai cewa ka yi zalunci, haƙƙinka ne. Sai dai ni ma dole in ja saniyar, ga wakilin Bishop yana jina, ba ni da ikon bar mata. Kai za ka fara shiga garken, ni ina bayanka.

Mun gode wa duk wanda ya tako da nisa. Akwai burodi da giya a ƙofar gida, kada wani ya tafi da yunwa.

Ubangiji Allah ya jiƙan bawansa Gervase, ya gafarta masa fushinsa, ya ba shi hutu da haske mara yankewa. Ya sanyaya zuciyar Uwargida. Ya kuma gadar wa Sir Piers idon mahaifinsa kafin gobe da safe. Amin.